Hanjin Ƙwaro: Inda Maganin Feshi Ke Aikin da Ido Ba Ya Gani

Akasarin masu sayen maganin ƙwari, daga manomin wake har zuwa uwargidan da kyankyasai suka addaba a ɗakin girki, ma'auni ɗaya suke da shi: a fesa, ƙwaro ya faɗo ya mimmiƙe a gaban idonsu. Maganin da ya yi haka shi ne mai ƙarfi. Wanda kuwa aka fesa da yamma, aka dawo da safe aka tarar da tsutsa tana nan manne da ganye, sai a ce jabu ne ko kuma ya sha iska. Kamfanoni sun san da wannan sarai, shi ya sa kasuwa ta cika da magungunan sha-yanzu-magani-yanzu, waɗanda kusan dukkansu ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ƙwaro suke kamawa. A ganina wannan ma'auni yana yaudararmu ta fuska biyu. Yana sa mu raina magungunan da suka fi iya zaɓen wanda za su kashe, don kawai ba sa kayar da shi nan take. Yana kuma ɓoye mana illar da magungunan gaggawa ke yi wa ƙwarin da ba mu nufa ba, waɗanda suka sha kaɗan suka tashi da ransu. Abubuwan nan biyu a wuri guda suke faruwa, wato cikin hanjin ƙwaro, kuma wanda bai san abin da ke gudana a can ba zai ci gaba da zaɓen magani da ka.

Ɓarnar ƙwaro a gona ɓarnar baki ce. Tsutsar da ke cin ganye ba ta da wata sana'a sai ci. Tsutsar siliki tana ninka nauyinta kusan sau 10,000 cikin kimanin wata guda, kuma mafi yawan ganyen da za ta ci a rayuwarta a zangon ƙarshe na girmanta take cinye shi. In aka tsaga tsutsa, hanji ne ya cika kusan dukan cikinta. Don haka tambayar da ta shafi aljihun manomi ita ce yaushe tsutsa ta daina ci. Ranar mutuwarta magana ce ta biyu.

Hanjin ƙwaro kashi uku ne. Na gaba, daga baki zuwa 'yar jakar da ake tara abinci, da na baya, inda ake tsotse ruwa da gishiri kafin a fitar da kashi, duk a shafe suke ta ciki da irin ɓawon da ya rufe jikin ƙwaron ta waje, har ma in ya yi saɓa da wannan shafin yake tuɓewa. Na tsakiya ne kaɗai ba shi da ɓawo, domin a nan ake zuba sinadaran narkar da abinci, a nan kuma narkakken abinci ke ratsawa ya shiga jiki. Bangonsa jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin jiki masu gashi-gashi a ka, kuma bayan wannan jeri kusan ba abin da ya rage sai ruwan da ke matsayin jinin ƙwaro. Kariyarsa wani siririn tantani ne da hanjin ke saƙawa ya naɗe abincin, yana aiki kamar ƙyallen tace kamu: abin da ya narke ya wuce, tsaki da ƙwayoyin cuta su tsaya. A gindin bangon akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu hayayyafa da ke maye gurbin waɗanda suka mutu. A mahaɗar hanjin tsakiya da na baya kuma akwai siraran bututu masu yin aikin ƙoda, waɗanda aka sa wa sunan Marcello Malpighi, likitan Italiya da ya bayyana su a nazarinsa na tsutsar siliki a 1669.

Sai wani abu da ya fi duk waɗannan muhimmanci ga maganarmu. Tumbin ɗan Adam tsami gare shi mai tsanani, tsakanin 1 da 3 a ma'aunin pH. Hanjin tsakiya na tsutsar malam-buɗe-littafi da danginsa akasin haka ne: ruwansa mai kanwa ne ƙwarai, yakan kai 10 ko 11. Wasu ƙwayoyi na musamman a bangon hanjin ne ke tunkuɗa sinadarin fotashiyam ciki don riƙe wannan yanayi, wanda ke taimaka wa tsutsa ta kuɓuta daga sinadarai masu bauri da ganye ke ɗauke da su. Tsutsar sauro ma gaban hanjinta na tsakiya mai kanwa ne. Da yawa daga cikin ƙwari masu tauraren fukafukai irin ƙwaron rumbu kuwa nasu ya karkata ga tsami, kuma sinadaran narkarwarsu daban ne. Kowane rukunin ƙwari da irin cikinsa, alhali jijiyoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma sun yi kama da namu fiye da yadda mutum zai so.

Magungunan farko na zamani ta ciki suke kisa, amma ba su san na gida ba su san baƙo ba. A wajajen 1867 manoman Amurka suka fara barbaɗa wa dankalin turawa wani koren gari mai arsenik da ake kira Paris green don kashe ƙwaron Kolarado, a 1892 kuma aka shigo da haɗin dalma da arsenik a jihar Massachusetts. Ƙwaro ya ci, bangon hanjinsa ya zagwanye, ƙwayoyin jikinsa su kasa sarrafa kuzari. Haka kuma yake yi wa tsuntsu da dabba da mutum, kuma har yau akwai tsofaffin gonakin tufa a Amurka da ƙasarsu ke ɗauke da dalma da arsenik na wancan zamani. Wanda ya rage a hannun jama'a daga wannan zuriya shi ne garin borik da ake sa wa kyankyaso. Kyankyaso ya taka garin, ya lashe ƙafafunsa da gashin kansa wajen gyaran jiki, garin ya lalata ƙwayoyin bangon hanjinsa, ya mutu bayan 'yan kwanaki, yunwa ce babban ajalinsa. Da Paul Müller ya gano ƙarfin DDT a Suwizalan a 1939, hankalin duniya ya koma kan gubar jijiya mai shiga ta fata, wadda ba sai ƙwaro ya ci komai ba. Daga nan ɗabi'ar auna magani da saurin faɗuwar ƙwaro ta kafu.

Amma tun kafin DDT an riga an yi tuntuɓe da wata hanya. A 1901 wani masani a Japan, Shigetane Ishiwata, ya gano bakteriyar da ke kashe tsutsotsin siliki farat ɗaya. A 1911 Ernst Berliner ya sake samunta a jikin tsutsar garin fulawa daga yankin Thuringia na Jamus, daga nan ta samo sunanta, Bacillus thuringiensis, ko Bt a taƙaice. A 1938 aka fara sayar da ita a Faransa da sunan Sporeine. Wannan bakteriya ta ƙasa, idan abinci ya ƙare mata ta shiga kwanci, takan dunƙula wani furotin ya zama ƙanƙara-ƙanƙara a gefenta. Ƙanƙarar nan a kan ganye ko a tafin hannu ba guba ba ce. Sai ta bi matakai, kuma kowane mataki hanjin ƙwaron ne da kansa ke yi mata shi. Dole ta faɗa ruwa mai kanwa kafin ta narke. Bayan ta narke, sinadaran narkarwar tsutsar su datse furotin ɗin, su zubar da kusan rabinsa, ragowar rabin shi ne dafin. Dafin ya ratsa tantanin nan, ya nemi wasu furotin na musamman a kan gashin ƙwayoyin bango da zai maƙale a jikinsu, mu kira su maƙalai. In ya same su sai ya taru da 'yan'uwansa su huda fatar ƙwayar. Gishiri da ruwa su kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe.

Abin da ke biyo baya shi ne ya kamata manomi ya sani. Cikin mintoci zuwa 'yan sa'o'i hanjin ya sandare, tsutsa ta daina ci. Ruwan hanji mai kanwa ya fara yoyo cikin jini, jini ya fara yoyo cikin hanji, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa su bazu a jiki. Mutuwa kan zo bayan kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye, amma tsutsar da aka gani da safe tana motsi a kan ganye ta riga ta tashi daga aiki tun daren jiya. Masana sun yi jayayya mai daɗin bi kan wane ne ainihin makashin. A 2006 wasu masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka ba tsutsotsi maganin kashe bakteriya suka share musu hanji, sai Bt ta kasa kashe su, suka ce ashe bakteriyar da ke zaune a hanjin tun asali ce ke ƙarasa aikin. A 2009 wasu a Ingila suka maimaita gwajin da wasu tsutsotsi, suka nuna cewa maganin da aka ba su ne ya rage a jiki ya hana ita Bt ɗin kanta tsiro. Ko wane ɓangare ya fi gaskiya, babu wanda ya musa cewa hudar bango ce farkon komai.

Tunda matakan suna da yawa, kowane ɗaya shinge ne da ke ware wanda za a kashe daga wanda za a bari. Jinsin Bt da ke kashe tsutsar kabeji ba ya taɓa ƙudan zuma. A 1976 aka samo wani jinsi daga wani kududdufi a hamadar Negev ta Isra'ila, Bti, wanda tsutsar sauro da ta baƙin ƙuda yake kashewa. Amfaninsa ya bayyana a Yammacin Afirka. Shirin yaƙi da cutar makantar bakin kogi, wanda aka fara a 1974 da hedikwata a Wagadugu, Nijar da Gana na cikin ƙasashe 7 na farko, ya dogara ne da zuba maganin temephos a koguna daga jiragen sama kowane mako don kashe tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar. A 1980 aka ga tsutsar ta daina jin maganin a kogin Bandama na Kwaddibuwa. Bti na cikin abin da ya ceci shirin: tsutsar tana tace ruwan kogi don neman abinci, ta tace ƙanƙarar tare da shi, kifi kuwa na ninƙayarsa a ruwan ba abin da ya same shi. An riƙa karɓa-karɓa tsakaninta da wasu magunguna, daga baya aka haɗa da rabon ƙwayar ivermectin ga mutane, kuma da aka rufe shirin a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an hana mutum 600,000 makancewa. Ruwan da mutane ke sha da wanka ake zuba wa magani shekara da shekaru. Ba kowace guba za a yi wa wannan amana ba.

Ba Bt kaɗai ke bi ta ciki ba. A 1959 Heinrich Schmutterer, masanin ƙwari Bajamushe, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar dogonyaro, a 1968 kuma aka ware sinadarin azadirachtin daga 'ya'yansa. Babban aikinsa hana ci ne da rikita saɓa, amma a hanji ma yana rage motsi, yana rage sinadaran narkarwa, yana hana ƙwayoyin gindin bango hayayyafa, sai raunin da ya samu hanjin ya ƙi warkewa. Magunguna irin diflubenzuron da lufenuron, masu hana ƙwaro gina ɓawonsa, suna raunana tantanin hanji tunda da kaya iri ɗaya ake saƙa su. Tsirrai ma da wannan dabara suke kare 'ya'yansu: ƙwayar wake na ɗauke da furotin da ke toshe sinadarin narkar da furotin a cikin ƙwaro, har a 1987 masu bincike a Ingila suka ɗauki ƙwayar gadon wannan furotin daga wake suka dasa wa taba, ganyenta ya yi wa tsutsa wuyar ci. Na baya-bayan nan shi ne guntun RNA mai igiya biyu, wanda ƙwayoyin hanji ke haɗiya ya kashe musu wani saƙon gado guda da aka zaɓa. Amurka ta amince da masara mai ɗauke da shi a 2017 don tsutsar saiwar masara, ta kuma yi wa na feshi rajista a ƙarshen 2023 don ƙwaron Kolarado ɗin nan da aka fara yaƙa da arsenik. A cikin tsutsar malam-buɗe-littafi ba ya aiki sosai, domin ruwan hanjinta na daddatsa shi kafin ya isa. Nan ma hanji ne ya yanke hukunci.

Ɗaya fuskar maganar ta fi damuna. Magungunan jijiya, su imidacloprid da fipronil da spinosad da dangin dichlorvos, ba don hanji aka yi su ba, amma duk wanda ƙwaro ya sha a ruwan fure ko ya ci a ƙurarsa, hanjin tsakiya ne ke fara karɓarsa. Can ne, tare da bututun Malpighi da kitsen jiki, ƙwaro ke da sinadaran warware guba, waɗanda mafi shahararsu su ne dangin P450. Aikin warwarewa yana cin kuzari, yana kuma haifar da ɓurɓushin iskar oksijin masu ƙona ƙwayoyin jiki daga ciki. Masu binciken da suka yanka hanjin ƙudan zuma bayan ya sha ƙaramin awo na irin waɗannan magunguna sun sha ganin abu iri ɗaya a madubin ƙara girma: ƙwayoyin bango sun yi ramuka-ramuka, gashinsu ya karkarye, wasu sun ɓalle sun faɗa cikin hanji, masu maye gurbi sun ragu. Ƙudan bai faɗi a gona ba. Ya koma amya, yana cin abinci ba ya amfana da shi yadda ya kamata. Ga kuma wata ƙwayar cuta, Nosema, wadda ƙwayoyin hanjin tsakiya na ƙudan zuma su ne mazauninta. Binciken da aka yi a Faransa a 2010 ya nuna ƙudan da suka haɗu da Nosema da imidacloprid tare sun fi mutuwa a kan waɗanda suka haɗu da ɗaya kawai, wani binciken a Amurka a 2012 kuma ya samu Nosema ta fi yawa a ƙudan da suka taso a amyar da aka ba ƙaramin awo na maganin.

Masu kare waɗannan magunguna suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce yawancin gwaje-gwajen a keji aka yi su, ƙudan da aka tsare aka ɗura masa ruwan sukari mai magani kwana da kwanaki ba daidai yake da wanda ke yawo yana zaɓen fure ba, kuma wasu masu binciken sun yi amfani da awo da ya zarce abin da ake samu a gona. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɗauki kowane hoton hanji da ya lalace a matsayin hujjar cewa amya za ta mutu ba. Hanjin ƙwaro yana iya gyara kansa in guba ta wuce. Sai dai wannan amsa ta fi ƙarfi inda ake bin awon da aka rubuta a kwalba, ake kuma guje wa feshi lokacin fure. Inda ake auna magani da murfi, a haɗa biyu ko uku a famfo ɗaya, a fesa wake yana tsakiyar fure saboda a lokacin tsutsa ke shiga, awon gona na iya wuce na keji. Kuma gwajin da aka daɗe ana dogara da shi wajen yi wa magani rajista ƙidayar gawa ne cikin kwana biyu zuwa huɗu, wanda ko kusa ba zai hango hanjin da ke lalacewa a hankali ba. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikin dangin imidacloprid a fili a 2018 bisa tarin hujjoji na illar da ba ta kisa nan take ba.

Hanji kuma ba kango ba ne, akwai mazauna. Ƙudan zuma na da 'yan jinsunan bakteriya da ba su kai goma ba waɗanda ke taimaka masa narkar da ƙurar fure da korar cuta, kuma a 2018 masu bincike a Jami'ar Texas suka nuna cewa glyphosate, wanda maganin ciyawa ne ma ba na ƙwari ba, yana rage wasu daga cikinsu. Lamarin na iya juyawa ya zama riba ga maɓarnaci. A 2012 masana a Japan suka gano wani ƙwaro mai tsotsar waken soya da ke haɗiyar bakteriyar Burkholderia daga ƙasa yana ƙarami ya ajiye ta a aljifan hanjinsa. A gonar da aka daɗe ana fesa fenitrothion, jinsin bakteriyar da ya koyi cin maganin ne ke yawaita, ƙwaron da ya haɗiye shi kuwa ya zama ba ya jin magani a rayuwarsa guda, ba tare da jiran gado daga iyaye ba. Yawan feshi da kansa ya shuka wa ƙwaro makarinsa a cikin ƙasa.

Manomi zai ce duk ya ji, amma shi maganin ciki yana da wuyar sha'ani, kuma yana da gaskiya. Rana na lalata Bt cikin 'yan kwanaki, ruwan sama na wanke ta, tana son tsutsa ƙarama, dole kuma a ci ta kafin ta yi aiki. Tsutsar Maruca, babbar abokiyar gabar wake, tana shigewa cikin fure da kwasfa ta saƙa yana ta rufe kanta, inda feshi ba ya kaiwa, kuma in ta yi tsanani takan lashe har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Wannan ne ya sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da abokan aikinta na Afirka da Ostareliya, suka dasa wa wake ƙwayar gadon furotin Cry1Ab na Bt, aka fitar da shi a 2019 da sunan SAMPEA 20-T. Furen da kwasfar su ne ke ɗauke da furotin, cizon farko shi ne shan magani. Masu irin sun ce feshin da kan kai sau shida zuwa takwas a damina zai dawo biyu. Biyun nan da suka rage suna nuna iyakar hanyar: darɓa da ƙwari masu tsotsar kwasfa ba su da maƙalan wannan furotin, ƙwaron rumbu ma haka. Zaɓen da ya sa maganin ya ƙyale ƙudan zuma shi ne ya sa ya ƙyale waɗannan. Kuma zaɓen ba cikakke ba ne: Bt ɗin da ke kashe Maruca zai kashe tsutsar malam-buɗe-littafin da ba ruwanta da gona in ta ci shi, wani bincike a Faransa a 2023 ma ya ga furotin Cry1A na rikita sabunta ƙwayoyin hanji a ƙudan 'ya'yan itace ba tare da ya kashe shi ba.

Tambayar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce: abin da ke fasa hanjin tsutsa, me zai hana ya fasa namu? Tambaya ce ta hankali, amsarta kuma tana cikin matakan da aka zayyana. Ƙanƙarar na son kanwa, tumbinmu tsami ne. Furotin ne, sinadarin narkarwar tumbinmu na daddatsa shi kamar na nama da wake. Maƙalan da yake nema babu su a bangon hanjin mutum. Wannan bai sa a daina bincike ba. A Amurka an taɓa hana mutane cin masarar StarLink saboda furotin Cry9C ɗinta ba ya saurin narkewa, aka amince da ita ga dabbobi kawai, da aka same ta a abincin mutane a 2000 aka janye ta daga kasuwa, ko da yake gwajin da hukumar lafiya ta yi bai tabbatar ta jawo wa kowa borin jini ba. Ita kanta bakteriyar 'yar'uwar Bacillus cereus ce mai ɓata abinci, don haka ganyen da aka fesa wa Bt a wanke shi kamar kowane ganye. Kowane furotin a gwada shi a kan kansa, wannan shi ne daidai. Amma a tuna da abin da ake kwatantawa da shi. Lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, dichlorvos aka samu a ciki, sinadarin da ke cikin ota-piya-piya, kuma abin da yake toshewa a jijiyar ƙwaro akwai irinsa a jijiyar wanda zai ci ƙosan.

Ƙalubalen da ya fi nauyi daga hanjin kansa yake fitowa. Maganin da ya dogara da maƙali guda, ranar da maƙalin ya sauya kama aikinsa ya ƙare. A 1990 aka ba da rahoton tsutsar kabeji a Hawaii ta daina jin feshin Bt. Afirka ta Kudu ta fara shuka masarar Bt a 1998, a 2007 aka tabbatar tsutsar kara ta Busseola fusca na ci tana rayuwa. A tsibirin Puerto Rico tsutsar masara, wadda danginta suka ɓulla a Yammacin Afirka a 2016, ta karya furotin Cry1F cikin kimanin shekara uku, aka gano ɗaya daga cikin maƙalanta ne ya lalace. Wasu ƙwarin sinadaran narkarwarsu ke sauyawa su daina datse furotin a inda ya dace, wasu kuma gyaran bango suke hanzartawa. Jar tsutsar auduga ta nuna cewa sakamakon ya dogara da yadda aka tafiyar da gona. A Amurka an wajabta barin wani yanki na audugar da ba ta da Bt, domin tsutsotsi masu jin magani su rayu su auri 'yan tsirarun da ba sa ji, 'ya'yansu su fito masu ji. Da aka haɗa da sakin ƙwarin da aka mayar bakarare, a 2018 aka ayyana an kawar da ita daga gonakin audugar ƙasar. A Indiya ba a kiyaye wannan yanki ba, tsutsar ta karya furotin na farko a Gujarat kafin 2010, ta kuma karya audugar mai furotin biyu 'yan shekaru bayan haka, domin na biyun ya tarar an riga an gama da na farko, shi kaɗai ya rage a fage.

Masu aikin waken Samaru sun dogara da cewa Maruca na rayuwa a kan itatuwa da ciyayin daji dangin wake, waɗanda za su zama mafakar tsutsotsi masu jin magani, suna kuma aikin ƙara furotin na biyu, Cry2Ab, mai maƙali daban. Dabarar tana da tushe, amma darasin Gujarat ya sa mata wa'adi: na biyun sai ya iso gona tun na farko na da ƙarfinsa. A tsakanin nan dole a riƙa tattara tsutsotsin Maruca kowace damina daga yankunan da aka fi shuka irin, a ciyar da su awon furotin da aka sani, a ga ko abin da ke hana su ci bana shi ne ya hana su bara. Manomi ba zai ga wannan sauyi da ido ba sai ranar da kwasfa ta fara huda, kuma a ranar 'ya'yan tsutsar da ta sauya maƙali sun riga sun bazu a gonakin maƙwabta.